Inda Hannun Salma Ya Tsaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ɗana Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da natsuwa. Allah Ya tsare ka a hanyar Doka, kai da iyalinka, Ya kiyaye lorin da zai ɗauke ku daga laka da hatsari, Ya sa ku shiga sabon gidanku da ƙafar dama.

Za ka yi mamakin in rubuto maka takarda alhali hoshi ɗaya, gida ɗaya, muke kwana. Ka san halina. Zan iya tsayawa tsakiyar kasuwar amfanin gona ta Gadarif in ja ciniki da manyan tajirai muryata ba ta rawa, amma in zaunar da ɗana in ce masa "a nan na yi kuskure", wannan bakina bai saba ba. Karatuna a tsakiyar sanawi, wato sakandare, ya tsaya, don haka kada ka tsaya gyara mini rubutu. Ka karanta, ka ninke, ka ajiye.

Ƙanwarka Hauwa ta tona maka asiri. Ta ce ka je suk, kasuwar gari, ka ga musajjil, akwatin kiɗa irin na yanzu, mai ƙatuwar samma'a, wato lasifika, da ake ajiyewa a ƙasa, wadda bugunta ke girgiza ƙirji, da fitilu masu walƙiya, har ka ce wa mai shagon ya ajiye maka zuwa Laraba. Ta ce niyyarka ka ɓoye shi cikin kaya, in kun isa Doka ka kunna wa amaryarka Salma ba zato, don ta san gidan farin ciki ta shigo. Niyyar mai kyau ce, Allah Ya yi maka albarka. Amma kada ka saye shi. In ka kunna wannan abu a ɗakin Salma, za ka firgita ta ranar farko a gidan da kake so ta saki jiki a cikinsa, kuma ba za ta buɗe baki ta faɗa maka ba. Zan gaya maka dalili. Sai dai ka bi ni daga farko, don ni ma doguwar hanya na biyo kafin in gane.

Shekarar da riɗi ya fara yi mini albarka a Gadambaliya ba a haife ka ba. Ni da na fara da ɗaukar buhun wasu a ka, ga ni ina kallon ana loda nawa. Ranar da aka kammala ciniki ban wuce gida ba, layin masu kayan kahraba, wato lantarki, na nufa. Ban ce wa mai shagon wanne ya fi daɗin ji ba. Cewa na yi, "Wanne ya fi girma?" Ya dube ni daga rawani zuwa takalmi, ya ce, "Ya tajir, wancan na sama ai sai irinka." Ba a taɓa ce mini tajir ba sai ranar. Wallahi kalmar nan na saya, musajjilin ƙari aka ba ni. Na ɗora shi a karo, amalanken jaki, na ce wa mai jakin ya bi ta doguwar hanya, ta gaban masallaci da shagon mai shayi, don kowa ya gani.

A lokacin ni da mahaifiyarka guttiya ɗaya gare mu, bukkar ciyawa irin ta kowa. Samma'a biyu ya zo da su, kowacce ta kai mini ƙugu. Sai da aka fitar da akwatinta na aure kafin su shiga. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu, ta ce, "Maigida, to yanzu mu za mu kwana waje ko su?" Na yi dariya, na sa kaset, na murɗa. Ƙurar jinka ta dinga zubowa cikin miyar da ta rufe mini. A shago abin ya yi mini daɗi ne don yana kokawa da hayaniyar kasuwa. A ɗaki kuwa babu abokin kokawa sai kunnuwanmu. Ganga kake ji a cikinka, amma abin da mai waƙar ke faɗa ba ka kamawa. Na sani a daren farko cewa na yi wauta, amma da yake unguwa duka ta ga shigowarsa, ban iya mayarwa ba.

Don haka duk ranar da za ka sayi abin sauti, ka fara auna ɗakinka kafin ka auna girmanka. Mai shago zai ƙure maka murya don ya ruɗe ka. Ka ce ya rage, ya ƙara ragewa, har sai ka matso da kunne. Ka ce ya sa maka karatu, ko mutum yana magana. In kana jin kowane harafi a fili a ƙaramin sauti, abin kirki ne. In kuwa ba ya daɗi sai an ƙure shi, ba don gida aka yi shi ba, don filin biki ne. Kuma duk wanda ya fara yabon rawaninka kafin ya nuna maka kaya, ka riƙe aljihunka.

Ba a rufa shekara ba ya ƙone. Na dawo daga gona na kunna, shiru, sai warin roba. Ban tambayi kowa komai ba. Na juya kan mahaifiyarka na ce, "Ke kika taɓa shi." Ta ce ba ta taɓa ba. Na ce to aljanu ne suka taɓa? Na faɗi maganganu a gaban ƙanwata da ke zaune da mu. Da na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya shinshina, ya ce kahraba ce ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, haka ta yi wa rabin unguwa a makon, kuma wanda ya bar shi a jone shi ya ƙona shi. Ni na bar shi a jone. Na dawo gida ban ce mata uffan ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

A Doka da hasken rana da batir za ka fi dogara, don haka abin da zai zauna da kai lafiya shi ne ƙarami, mai cin wuta kaɗan, wanda zai yi aiki da batir in babu kahraba. In za ka jona shi a layi, ka sa masa munazzim mai daidaita wuta, kuma ka zare shi da zarar ka ga hadarin kharif, wato damina, ya haɗo ta gabas. Ka rufe shi da ƙyalle, don ƙurar garin nan ba ta barin komai. Kada ka damu da mai cin faifai, ƙura ke kashe idonsa. Mai filash da rediyo ya ishe ka, ka ji karatu, ka ji farashin dawa da riɗi. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, in wani abu ya lalace a gidanka, ka fara tambayar kanka kafin ka ɗaga murya a kan matarka. In kuwa ka ɗaga, sannan ka gane ba ita ba ce, ka koma ka faɗa mata da bakinka, a gaban wanda ka kunyata ta. Ni ban yi ba. Sabon tob, mayafin matanmu, na sayo mata a madadin haƙuri. Ta karɓa ta yi godiya, kuma ban taɓa ganin ta yafa shi ba.

Bayan an gyara sai na sa kafinta ya buga katako a sama, na ɗora musajjilin inda hannunta ba ya kaiwa sai ta taka kujera. Na ce kada kowa ya taɓa in ba na nan. In ina nan kuwa, daga safe har isha abin da nake so shi ke tashi.

Usman, kai ba ka san mahaifiyarka mai waƙa ce ba. Babu ɗayanku da ya sani. Lokacin da na auro ta, in tana toya kisra, wainar dawa, ko tana surfe, waƙoƙin kakarta take yi, waɗanda tsofaffi suka taho da su daga yamma tun zamanin tafiya hajji a ƙafa. Muryarta siririya ce, ba ta kai bakin zana ba. Nakan dawo daga ɗaukar buhu wuyana kamar zai karye, in tsaya a bayan ɗaki ina ji har gajiyar ta sauka. Da musajjil ya shigo gidan, muryar nan ba ta da wurin tsayawa. Ban lura da ranar da ta daina ba. Sai bayan shekaru, kuna makaranta, wata rana kahraba ta ɗauke, gidan ya yi tsit, na ji ƙarar kaskon kisra kaɗai. Na ce, "Hajja, ina waƙoƙin nan naki?" Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Alhaji, ai ka sayo mana waɗanda suka fi ni iyawa." Na ce ta yi mini ko ɗaya. Ta juya kisra, ta ce ta manta farkonsu. Ba fushi take yi ba. Da gaske ta manta.

Na sayi lori na sayar, na yi asarar gona guda a shekarar da ruwa ya ƙi, duk na mayar. Wannan ban iya mayarwa ba. Gida yana da sautinsa tun kafin ka sayo masa wani. Ka fara sauraron nasa. Ka bar wa yini wani yanki da ba a kunna komai. Kuma duk abin da ka shigo da shi ɗaki, ka ajiye shi daidai hannun matarka, ba daidai naka ba.

Akwai kuma maganar maƙwabci. Mu nan zanar ciyawa ce tsakaninmu da mutane, a Doka ma haka za ka tarar. Tana tare ido, ba ta tare kunne. Ka tuna marigayi Malam Haruna na bayanmu. Tun muna samari, in azumi ya zo, tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a bakin titi, kowa ya fito da farantinsa mu sha ruwa tare da duk baƙon da ya biyo. Wata shekara sai na ga ya koma tabarmar layin gaba. Na ji haushi, na ce girman kai ne. Sai liman ya ja ni gefe ya ce, "Tsohuwarsa ta yi wata tana jinya, kanta a jikin zanarka yake. Ya ji nauyin ya yi maka magana, kai kuma ba ka ji nauyin kunnawa ba." Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya Abu Usman, ba komai. Amma bai dawo tabarmar ba sai bayan azumi biyu. In ka kunna, ka fita ka tsaya a bakin zanarka. In kana jin sa daga can, ba kai kaɗai kake ji ba, kuma ba ka san me ke kwance a bayan ciyawar ba.

Za ka ce duk wannan ya isa ya koya wa mutum hankali. Bai koya mini ba. Rage murya na koya, ban koyi rage girma ba. Wancan ya tsufa na sayi wanda ya fi shi, shi ma na sake. Na ƙarshen shi ne wanda ka sani a daiwan, ɗakin baƙi, mai samma'ar ƙasa irin wadda kake so.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Lokacin da yaƙi ya kai Madani, su Salma suka iso mana gudun hijira, ita da mahaifinta Ustaz Hamid da mahaifiyarta, kai kana Simsim kana bin injin girbi. Ba ka ga isowarsu ba. Da abin da ke jikinsu suka sauka daga mota. Muka ba su guttiyar da ke kusa da bishiyar nim. Ustaz mutum ne mai kunya, ba ya faɗin abin da suka gani, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan 'yan makonni lorin farko na dawa ya shigo daga wajenka, buhuna a cike, ƙwaya fara tas. Na yi murna, kuma ina so baƙina su ma su ɗan yi murna, don tun zuwansu ban ga haƙoran ɗayansu ba. Bayan la'asar na sa aka fito da kujeru tsakar gida, na ce a dafa jabana, gahawarmu, na shiga daiwan na zaɓi waƙar biki mai gangar dalluka, na murɗa yadda na saba. Waƙar da ganga take farawa, bugu mai nauyi, kafin murya ta shigo.

Salma tana tahowa da farantin jabana. Ina kallonta ta taga. Bugun farko, farantin ya bar hannunta. Ba ta yi ihu ba, abin da har yau yake tsaya mini a rai ke nan. Ta zube ƙasa, ta ja jiki zuwa tsakanin randunan ruwa da bango, ta rufe kanta da hannu biyu. Gahawa mai zafi ta zuba mata a ƙafa, ba ta ma ji ba. Mahaifiyarta ta rarrafa wajenta tana cewa, "Ba dana ba ce, ya bitti, 'yata, ba dana ba ce, muna Gadarif." Dana ita ce abin da ake harbowa daga nesa ya faɗo kan gidaje. Ɗaya ta faɗa gidan da ke jikin nasu a Madani, Salma tana tsakar gida tana shanya. Ni kuwa na tsaya kamar gunki, waƙar tana ta bugawa. Mahaifiyarka ce ta shigo daiwan da gudu, ta ture ni, ta fizge wayar daga bango. Ranar ta fara taɓa musajjilina.

Ustaz Hamid ya zo yana ba ni haƙuri. Ka ji fa, shi yake ba ni haƙuri, wai sun ɓata mini farin ciki, wai zai biya kofunan da suka fashe. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, ko lokacin da nake ɗaukar buhu ana kirana "kai yaro".

Ka dawo daga Simsim ka tarar babu musajjil a daiwan, na ce maka ya lalace. Bai lalace ba. Wani mai hayar kayan biki na ba. Akwatin samma'a ɗaya da ya ƙi karɓa, shi ne wanda kajin mahaifiyarka ke ƙwai a ciki yanzu, kuma tun da na saye shi bai taɓa yin aiki mai amfani kamar wannan ba.

Ba mu gaya maka ba don sirrin yarinya ne, kuma lokacin ba kai ne mijinta ba. Kai ka san ta ne bayan ta fara dariya. Amma abin bai tafi ba. Ka tuna a bikinku da aka ce amarya kanta na ciwo, aka kai ta gidan goggonka kafin masu kiɗa su fara? Ba ciwon kai ba ne. Ko tsawar kharif, ka lura inda take zama in hadari ya taso. Da Hauwa ta kawo mana labarin musajjilinka, mahaifiyarka ta tambayi Salma ko a faɗa maka. Ta daɗe tana kallon lallen hannunta, sannan ta ce, "Inna, ku faɗa masa. Ni in ya kawo mini kyauta yana murmushi, ba zan iya cewa ba na so ba." Ka karanta wannan sau biyu. Za ta zauna a ɗakinka a firgice, ta ce maka ya yi daɗi. A nan tana da uwarta, tana da taka. A Doka kai kaɗai gare ta.

Ban ce gidanka ya zama gidan makoki ba. Yarinya ce, tana son waƙa kamar kowa, kuma kai za ka yini a wajen taraktoci, shiru mai yawa shi ma ba alheri ba ne gare ta. Don haka shekaranjiya na ce wa mahaifiyarka ta yafa tob mu je suk. Ta ce, "Lafiya? Yau kuma ni za a tambaya?" Na ce ke za ki zaɓa. Mai shagon ya ganni ya fara "ya Hajj, ga wanda ya dace da kai", yana nuna sama. Ta ce masa, "Ɗana, ba shi ke saye ba, shi ɗan dako ne yau." Ta sa ya sauko da ƙanana, ta sa ya rage har sai da ya ce, "Ya Hajja, ai wannan ba a jin komai." Ta ce, "Ni ina ji." Ta zaɓi wani ɗan madaidaici mai samma'a biyu, kowacce ba ta wuce ƙwaryar sha ba, yana aiki da batir, ba fitila, ba bugun ƙasa, abin murɗa sautinsa babba ne, ana juya shi a hankali. Ni na ɗauko shi a hammata, ta gajeriyar hanya.

Jiya da hantsi kana gareji, mahaifiyarka ta ajiye shi a kan kujerar tsugunno a madafa, ta sa wata waƙa mai sanyi, ƙasa-ƙasa, ta ci gaba da aikinta kamar ba ta san da shi ba. Salma tana gefe tana tsince wake. Ni ina bayan zana, inda nake tsayawa da can. Na ga kafaɗunta sun ɗaga da farko. Aka jima suka sauka. Waƙa ta ƙare, wata ta shiga. Sai na ga ta goge hannu a zaninta, ta miƙa, ta ƙara sautin kaɗan. Da kanta. Babu wanda ya ce mata. Mahaifiyarka ba ta waiwaya ba, amma na ga tana share ido da gefen mayafi, ta ce albasa ce, alhali miyar kuka take kaɗawa.

Ba wanda ya sake taɓa abin murɗawar. Na naɗe shi yadda yake, yana cikin kwali a bayan kujerar direba. In kun isa, ka ajiye shi ƙasa, kusa da gadonta, kada ka kunna. Ka bar ta. In ta yi wata ba ta taɓa ba, ka yi wata kana jin motsin gidanka. Inda hannunta ya tsaya jiya, nan ne iyakar sautin gidanka, har ranar da ita ta wuce shi. In ranar ta zo, kada ka yi ta murna a gabanta. Ka fita waje, ka yi wa Allah godiya, ka aiko mini da labari.

Ka je wajen mai shagon gobe ka ce ka fasa. In ya ce irinka ai sai babba, ka ce masa ubanka ya riga ya sayi wannan maganar.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare gabanku da bayanku. Allah Ya sanyaya zuciyar Salma, Ya mantar da ita abin da ta ji, Ya mayar da iyayenta gidansu cikin aminci. Allah Ya kawo ƙarshen wannan wuta a ƙasarmu. Ya ba ka maƙwabta na gari, Ya sa kai ma ka zame musu na gari. Mahaifiyarka tana sa maka albarka. Hauwa ta ce ka yafe mata tsegumi. Ka gaishe da Salma, ka ce mata Baba yana gaishe ta, kada ka ƙara komai a kai.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka.